Gandun Kakanmu: Jawabin Jikokin Gida Ɗaya a Taron Jubili



An roƙe mu mu faɗi wani abu a kan gidanmu, domin an ce gidan yana cikin na fari da suka karɓi Bishara a ƙauyukan Gobir. Mun yi shawara a tsakaninmu, muka ga ba mu da labarin da ya fi na kakanmu da gonarsa. Ba za mu ambaci sunansa ba, gama shi kansa bai so a riƙa kiransa a gaban taro ba. A gida Tsoho mu ke ce da shi, haka kuwa za mu kira shi yau.

An haifi Tsoho a wani ƙauye na jigawa, tafiyar rabin yini a ƙasa daga Tsibiri. Yana yaro aka yi yunwar 1913 da 1914, wadda tsofaffi su ke kira Kakalaba. Ya gaya mana sun ci dusa da ganyen daji, ƙannensa biyu kuwa ba su kai kaka ba. Tun daga nan har ya mutu bai taɓa yarda a buɗe sabon rumbu ba sai tsohon ya ƙare sarai.

Gidansu Azna ne. Ubansa shi ne mai-gandu, da ya rasu sai riƙon ya faɗo a hannun Tsoho. Yaran yanzu ba su san gandu sosai ba, bari mu faɗa musu. Gona ce babba ta gida duka. Ƙanne da 'ya'ya da matansu su kan yi aiki a cikinta yawancin kwanakin mako, sauran kwanakin kowa ya tafi gayaunarsa. Daga gandu a ke cin tuwo, daga nan a ke biyan haraji, daga nan a ke yi wa saurayi aure. Mai-gandu kuma shi ne mai-yanka. Kafin shuka shi zai yanka akuya domin Uwar Gona, ya zuba jini a tsakiyar gona, in bai yi ba mutanen gida ba su da kwanciyar rai. Burin Tsoho a lokacin ɗaya ne, ya tara dami dubu a shekara ɗaya, ya yi bukin dubu, a kira shi sarkin noma.

Mishan ta SIM ta fara zama a Damagaram a 1924, bayan 'yan shekaru kuma Malam David Osborne ya zauna a Tsibiri. Tsoho bai je neman Allah a can ba. Gyambo ne ya kai shi. Ya samo shi a wurin aikin tilas na gyaran hanya, wanda ba a soke ba sai a 1946. Ya yi makonni yana zuwa ana wanke masa ƙafa, kowace safiya kuwa a kan karanta Magana kafin a ba da magani. Littafi Mai-tsarki ya riga ya fito da Hausa duka tun 1932, saboda haka da harshensa ya ji, ba ta bakin tafinta ba. Abin da ya kama shi, in ji shi, shi ne da ya ji an yi hadaya ɗaya tak, ta isa, ba sai an sāke ba. Mutumin da ya ke yanka kowace shekara, yana tsoro ko an karɓa ko ba a karɓa ba, ya san nauyin wannan magana fiye da mu. Ya koyi karatu yana da 'ya'ya manya, yana bin baƙaƙe da yatsa.

Da bazara ta zo ya ce ba za shi yanka ba. Ƙannensa suka ce in haka ne ba za su sa hannu cikin gonar da ba a yi mata yanka ba, gama masifa za ta sauko wa kowa. Aka kira dattawan gari, aka raba gandu. Ƙanne suka ɗauki gefen fadama, aka bar masa tudun rairayi da itatuwan gāwo 'yan kaɗan.

Mun sha jin masu-ba da shaida suna cewa a irin wannan shekara gonar mai-bi ta yi ninki goma, ta maƙwabta ta ƙone. Ba haka aka yi a gidanmu ba, ba kuwa za mu ƙara gishiri a gaban Allah ba. Hatsinsa ya yi daidai wa daida, na ƙannensa ya fi nasa. Bai yi dubu ba a wannan shekara, bai kuwa taɓa yi ba har ya bar duniya. Abin da garin ya gani shi ne, ba wanda ya mutu a gidansa, shi kuma yana kwana lafiya. Ran Lahadi ya kan jingine hauya ko ciyawa ta yi yawa, mutane suna dariya.

Akwai abu ɗaya mai-wuya da ba za mu tsallake ba. Tsoho yana da mata biyu tun kafin ya ba da gaskiya. Bisa ga ka'idar wancan zamani ba a yi wa mai-mata biyu baftisma. Ya ce ba za shi kori macen da ta haifa masa 'ya'ya, ta yi noma tare da shi ba. Sai ya zauna a bencin baya shekara da shekaru, yana kallo ana ba 'ya'yansa jibin Ubangiji, shi ba ya ci. Sai bayan da uwargida ta rasu aka yi masa baftisma, kansa ya riga ya yi fari. Bai taɓa yin gunaguni a gabanmu ba. Mu da mu ke tsaye a nan, waɗansu jikokin uwargida ne, waɗansu na amarya, ba kuwa wanda zai ce da mu ɗaya ɗakin bai cancanta ba.

'Ya'yansa sun watsu. Ɗaya ya yi makarantar Littafi Mai-tsarki ya zama mai-bishara. Ɗaya ta yi aikin jinya a asibitin Galmi, wanda aka buɗe a 1950. Biyu sun musulunta, suka shiga cinikin gyaɗa a Maraɗi, Tsoho kuwa bai hana su gādo ba, bai daina cin abinci a gidajensu ba. Cikin jikoki da tattaɓa-kunne yau akwai malaman makaranta, da direbobi, da soja, da 'yan ci-rani a Kano da Agadas.

Ya ga farin 1973 da 1974, shanunsa suka ƙare. Ya ga yunwar 1984 kuma, wadda aka sa wa suna El-Buhari domin a lokacin ne Nijeriya ta rufe iyakarta. A shekarun nan ne Malam Tony Rinaudo, mutumin Ostareliya da ya ke aiki da mishan a Maraɗi, ya fara koya wa manoma kada su tumɓuke kututturan da su ke tsiro a gona, sai su zaɓi rassa kaɗan masu-ƙarfi su bari, su sare sauran. Abin da a ke kira sassaben zamani ke nan. Masu-bincike sun ƙiyasta cewa ta wannan hanya itatuwa wajen miliyan 200 sun komo a gonakin Nijar. Samari da yawa sun ƙi da fari, suna cewa gona mai-itace gonar malalaci ce. Tsoho, da ƙyar ya ke tafiya a lokacin, ya sa aka kai shi gona a kan jaki, yana nuna mana da sanda wanda za mu bari. Shi dā ma ya san gāwo: yana zubar da ganye da damina, ba ya tare wa hatsi rana, ƙarƙashinsa kuwa a ke samun zangarniya mafi girma. Ya rasu kafin itatuwan su kai tsayin mutum. Yau sun rufe tudun nan.

To, 'yan'uwa, ga abin da ya sa muka yarda mu yi magana. Gonar Tsoho, a dā in mutum ya tsaya a wannan gefe ya yi kira, ba a jinsa a wancan. An raba ta ga 'ya'ya, an sāke rabawa ga jikoki. Yanzu rabon waɗansunmu yaro zai jefa dutse ya ƙetare shi. Kashi biyu sun riga sun fita daga hannunmu: ɗaya an ba da shi jingina domin kuɗin magani, ɗaya an sayar domin kuɗin mota zuwa arewa. 'Yan'uwanmu mata kuwa, waɗanda Tsoho ya ba kowacce gayaunarta da hannunsa, mu maza mun fara cewa gonar ta yi kaɗan, su haƙura. Wannan laifinmu ne, muna faɗarsa a gabanku. Mun karanta labarin 'ya'yan Zelofehad mata a Littafin Ƙidaya sura 27, mun san abin da aka yanke musu, duk da haka muka yi shiru.

Muna kiran taron nan Jubili. Da muka buɗe Littafin Firistoci sura 25 domin mu ga asalin kalmar, sai muka tarar maganar gona ce. A shekara ta hamsin a kan busa ƙaho, wanda talauci ya sa ya sayar da gādonsa ya koma cikinsa, gama ƙasa ta Allah ce, mutane baƙi ne a kanta. Ko farashi ma bisa yawan girbin da ya rage kafin shekarar a ke lissafta shi. Mu ba Isra'ilawa ba ne, wanda ya saya daga hannunmu kuma da kuɗinsa ya saya, ba mu da ƙara a kansa. Amma kunya ta kama mu, mu zo mu yi waƙa da sunan Jubili alhali gādon gidanmu yana hannun wani.

Saboda haka muka rubuta wa dukan zuriya, Kirista da Musulmi, na gida da na nesa. Mun sa rana bayan an gama ɗaurin hatsi, a ƙarƙashin babban gāwon da ke tsakiyar tudu. Abu uku za mu tattauna: mu tara kuɗi mu fanshi kashin da ke jingina, mu mayar wa mata rabonsu, mu ga kuma ko za mu iya haɗa abin da ya rage mu noma shi tare kamar dā. Waɗansu sun amsa da murna. Waɗansu sun ce kowa ya riƙe nasa. Babban wanmu da ke Maraɗi bai amsa ba tukuna, shi ne kuwa wanda sauran su ke jin maganarsa.

Muna roƙon ikilisiya ta tuna da mu cikin addu'a a wannan rana, muna kuma roƙon dattawa su ba mu mutum biyu su zauna tare da mu su zama shaidu.