Jawabi A Kan Ƙarin Albashi Da Tsadar Kaya

Duk lokacin da aka ji ƙishin-ƙishin cewa Gwamnati za ta ƙara albashi, magana biyu ke tashi a gari. Ma'aikaci ya ce ƙari ya zama tilas, domin abin da ya ke karɓa ba ya kai shi tsakiyar wata. Manomi da mai sana'ar hannu kuwa su ce ƙarin nan shi zai ta da farashi, ga shi su ba su da albashi balle a ƙara musu. Kowannensu yana da gaskiyarsa. Domin a gane inda gaskiyar ta tsaya, wannan jawabi zai duba abin da ya auku a Nijeriya sau biyu, watau a 1975 da kuma 2024.

Da farko ya kamata a san cewa darajar albashi ita ce abin da zai iya sayowa a kasuwa. Idan kasuwar ƙauye tana da buhun gero ɗari, sai kuɗin hannun masu saye ya ninka amma geron bai ƙaru ba, to, ba abin da zai faru sai buhu ya yi tsada. Haka kuma mai masana'anta, idan ladan ma'aikatansa ya ƙaru amma abin da su ke ƙerawa yana nan yadda ya ke, sai ya ɗora ƙarin a kan mai saye. Ta waɗannan hanyoyi biyu ne ƙarin albashi ke iya jawo tsada.

A shekarar 1972 Gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta kafa hukuma a ƙarƙashin Cif Jerome Udoji domin ta binciki tsarin aikin Gwamnati. Hukumar ta miƙa rahotonta a 1974. Aka ɗaga albashin ƙaramin ma'aikaci zuwa Naira 720 a shekara, watau Naira 60 a wata, fiye da ninkin abin da ya ke samu a da. Har ila yau aka mai da ƙarin baya zuwa watan Afrilu na 1974, saboda haka a farkon 1975 ma'aikata suka karɓi ariyas na watanni a dunƙule. Ma'aikatan kamfanoni su ma suka shiga yajin aiki suna neman nasu rabon.

Kuɗi suka kwararo kasuwa lokaci guda, amma suka tarad da ita ba kaya. Farin da aka yi a Arewa daga 1972 zuwa 1974 ya rage abinci da dabbobi. Matasa da yawa sun bar gona sun nufi birane saboda arzikin man fetur. Tashar jiragen ruwa ta Ikko kuma ta cushe da ɗaruruwan jirage masu ɗauke da siminti, kayan masarufi suka rasa hanyar sauka. Tashin farashi, wanda ya ke wajen kashi 13 cikin 100 a 1974, ya kai wajen kashi 34 a 1975. Wanda ya fi shan wuya shi ne talakan da bai ga ko kwabo ba daga kuɗin Udoji.

Al'amarin 2024 kuwa ta wata hanya ya zo. A ran 29 ga Mayu 2023 aka janye tallafin man fetur, kuɗin mai ya ninka fiye da sau biyu cikin 'yan kwanaki. A watan Yuni na shekarar aka saki farashin canjin Naira, darajarta ta faɗi. Kuɗin mota da na abinci suka bi sahu. Zuwa Yuni 2024, bisa lissafin Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, tashin farashi ya haura kashi 34 cikin 100, alhali mafi ƙarancin albashi yana nan a Naira 30,000 tun 2019. Sai a watan Yuli 2024 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a dokar da ta mai da shi Naira 70,000. A nan tsada ce ta riga tafiya, albashi ya biyo ta a baya yana haki.

Ashe ke nan ƙarin albashi yana iya zama sanadin tsada, yana kuma iya zama sakamakonta. Yawan lamba kuma ba ya nuna wadata. Lokacin da Shugaba Shehu Shagari ya sa hannu a dokar mafi ƙarancin albashi a 1981, bayan yajin aikin Ƙungiyar Ƙwadago, Naira 125 ɗin da aka yanke ta fi dala 200 ta Amurka a canjin Gwamnati. Naira 70,000 ta 2024 kuwa ba ta kai dala 50 ba. Hausawa sun ce ba girin-girin ba, ta yi mai.

Saboda haka akwai abin da ya rataya a wuyan kowa. Gwamnati ta riƙa duba albashi a kan kari, kada ta bari sai tura ta kai bango sa'an nan a zuba kuɗi a dunƙule. Dokar 2024 ta rage wa'adin dubawa daga shekara biyar zuwa uku, wannan kuwa gyara ne mai amfani. Ta kuma tabbata ƙarin ya fito daga kuɗin shiga na gaskiya, domin albashin da aka biya da rancen Babban Banki tsada ya ke haifarwa. Ta tsare manomi a gonarsa, ta gyara masa hanyar kai amfani kasuwa. Ɗan kasuwa ya guji ɓoye kaya, ya guji ƙara farashi a kan jita-jita tun kuɗi ba su shiga hannun kowa ba. Ma'aikaci kuma ya ƙara himma a wurin aiki, ya riƙe ƙarin da ya samu da tattali.

Idan kaya suka yawaita tare da kuɗi, ma'aikaci zai ci moriyar ƙarinsa, maƙwabcinsa marar albashi ma ba zai cutu ba.