Saukar Jirgin Sama a Tsakiyar Teku: Laccar da Aka Gabatar a Dawanau



Kunnen mutumin Dawanau ya saba da rugugin jirgin sama, tunda filin jirgin saman Malam Aminu Kano yana nan kusa. Babban titin saukar filin ya kai mita 3,300. Jirgin ruwan yaƙin Amurka samfurin Nimitz kuwa, mai dakon jiragen sama, tsawonsa duka mita 333 ne, kusan kashi ɗaya cikin goma ke nan. Wurin saukar ma bai kai haka ba. Ga shi jirgin ruwan yana tafe, igiyar ruwa tana ɗaga shi tana sauke shi, wani lokaci cikin duhun dare.

Birki kaɗai ba ya tsayar da jirgi a irin wannan wuri. Akwai ƙugiya a wutsiyarsa, an kuma gitta wayoyin ƙarfe uku ko huɗu a doron jirgin ruwan. Matuƙi yana zuwa da gudun kusan kilomita 240 a awa, ƙugiyar ta cafki waya, cikin daƙiƙa biyu ya tsaya cik. Dabarar tsohuwa ce: a ranar 18 ga Janairu 1911, Eugene Ely ya sauka a kan jirgin ruwan Pennsylvania a San Faransisko, kuma igiyoyin da aka ɗaure wa buhunan yashi ne suka riƙe shi. 'Yan dakon kasuwar hatsi sun fi kowa sanin abin da nauyin buhu zai iya yi.

Abin da ya fi cancantar a tsaya a kansa shi ne wannan. Da zarar tayoyi sun taɓa, matuƙi yakan buɗe wa injin wuta gaba ɗaya, kamar mai shirin tashi. Idan ƙugiya ta kama, falillahil hamdu. Idan ta kuskure, yana da ƙarfin da zai sake ɗagawa ya zagayo, maimakon ya zarce cikin ruwa. Zuciya tana cewa a rage gudu, horo yana cewa a ƙara, kuma sai an yi ta maimaitawa a tudu kafin hannu ya bi horon. Ba shi kaɗai yake aikin ba: fitilu na nuna masa ko ya yi sama ko ya yi ƙasa, sannan akwai jami'i tsaye a gefe, shi ma matuƙi ne, wanda in ya ce a fasa, an fasa. Kowace sauka sai ya ba ta maki, komai girman muƙamin mai tuƙin.

An biya wannan ilimi da rayuka. Edwin Dunning na Ingila ya sauka a kan jirgin ruwan Furious yana tafiya a ranar 2 ga Agusta 1917. Bayan kwana biyar ya sake gwadawa, ya faɗa teku ya rasu.

Kano ba ta da teku, amma tana da hazo da iskar hunturu, kuma ta ɗanɗani ɗacin sauka. A ranar 22 ga Janairu 1973, jirgin Boeing 707 da ya ɗauko alhazai daga Jidda ya yi haɗari wajen sauka a filin Kano, mutum 176 suka rasu. Allah ya jiƙansu. Ɗalibin da ke nan mai burin shiga kwalejin koyon tuƙin jirgin sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, zai tarar fasa sauka da sake zagayowa yana cikin abin da za a yi ta koya masa tun kafin a bar shi ya tashi shi kaɗai.