Gyaran Cikin Kanti Da Kasafin Kuɗinsa: Jawabi Ga Hakimai Da Malamansu

Hakimai, Allah ya ja zamaninsu, da malaman da ke riƙe musu takardu, sun fi kowa sanin irin ƙarar da ke zuwa zaure a kan aikin kanti. Attajiri ya kan gina shago ko ya kama haya, ya ba ɗan kwangila gyaran ciki da fatar baki, ba takarda. Bayan wata biyu kuɗi su ƙare, aiki bai kai rabi ba. Mai kanti ya ce an cuce shi, ɗan kwangila ya ce an yi ta ƙara masa aikin da ba ya cikin jinga. Nufin wannan jawabi shi ne a nuna yadda za a tsare irin wannan rigima tun ba ta taso ba.

Abin da a ke nufi da gyaran ciki shi ne aikin da ya rage bayan bango da rufi sun tsaya, watau daɓe, da silin, da bangon raba ɗaki, da kanta, da katakon jera kaya, da wayar lantarki, da famfo, da fenti. Mutane su kan raina wannan aiki, alhali kuwa nan ne kuɗi ke zurarewa kaɗan kaɗan.

Wanda ya kamata a fara nema shi ne mai zanen gini. Aikinsa dabam ne da na birkila ko kafinta. Shi ne wakilin mai kanti: ya auna wuri, ya zana, ya rubuta irin kayan da za a sa, sa'an nan ya duba ko an yi aiki bisa zane. Tun 1969 doka ta kafa hukumar rajistar masu zanen gini ta Nijeriya, wadda a ke kira ARCON, kuma wanda ba shi da rajista a wurinta ba shi da ikon ɗaukar wannan suna. Ana koyar da sana'ar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da waɗansu jami'o'in. Saboda haka babu laifi a ce wa mutum ya nuna shaidar rajistarsa, kuma a yanke ladansa a rubuce tun ranar farko.

Mataki na farko, mai kanti ya faɗi bukatarsa filla filla: abin da zai sayar, yawan yaran kanti, inda za a sauke kaya, da na'urorin da za su ja wuta. Kantin magani yana son firji da wuri mai sanyi. Kantin atamfa yana son haske da dogon bango. Kantin hatsi yana son daɓe mai ƙarfi da iska. In wurin na haya ne, a karɓi yardar mai gida a rubuce, a kuma bayyana wanda zai mallaki kanta da silin in haya ta ƙare.

Mataki na biyu, ya faɗi gaskiyar abin da ke hannunsa. Waɗansu su kan ɓoye, suna tsoron a cinye. Amma mai zane ba ya iya yanka riga sai ya san tsawon yadi. Ga misali. Mutum yana da naira miliyan 10. Ya fitar da miliyan 6 domin haya da sarin kaya, gama kanti mai kyau da babu haja a ciki ɗaki ne kawai. Saura miliyan 4. A ciki ya ajiye kashi 10 cikin ɗari, watau naira 400,000, saboda abin da ba a zata ba. Ya ware 300,000 na ladan zane da kuɗin izini. Abin da ya rage, naira 3,300,000, shi ne iyakar kwangila, kuma a kansa za a yi zane. Ajiyar nan tilas ce. Sau da yawa sai an ɓare tsohon silin a ke ganin yoyo ko ɓarnar gara. Farashi kuma ba ya tsayawa, kamar yadda aka gani a 2023, sa'ad da aka janye tallafin man fetur, darajar naira ta faɗi, kuɗin siminti da waya da tayil suka tashi.

Mataki na uku, a gama shawara a kan takarda. Matsar da kanta a zane aikin fensir ne, amma matsar da ita bayan an kafa, sai an fasa daɓe an sake jan waya. In zane ya tabbata, mai ƙididdigar kayan gini ya jera kowane abu da yawansa: buhun siminti nawa, tayil mita nawa, waya mai kauri nawa. Wannan jeri za a ba 'yan kwangila uku, kowa ya sa farashinsa a gaban kowane layi. Wanda ya fi arha ba lalle shi ne ya fi ba, domin wani ya kan karya farashi ya sami aiki, sa'an nan ya rama a kan kaya marasa ƙarko. In za a fasa bango ko a sake fuskar gini, a nemi izinin hukumar tsara gari, kamar KNUPDA a Kano ko KASUPDA a Kaduna, a kuma kira injiniya, gama akwai bangon da ke ɗauke da nauyin bene.

In kuɗi sun gaza, a rage ado. Ana iya dakatar da tayil mai tsada ko gilashi zuwa baɗi. Amma akwai abu uku da ba a ragewa. Na ɗaya, wayar lantarki: siririyar waya in an ɗora mata firji da na'urar sanyaya ɗaki ta kan yi zafi ta kama wuta. Gobarar babbar kasuwar Jos a 2002, da ta kasuwar Sabon Gari ta Kano a 2016, sun nuna yadda wuta ke cin dukiyar dubban mutane a wurin da shaguna ke manne da juna. Na biyu, hanyar fita da tukunyar kashe wuta. Na uku, busasshen katako da aka shafa wa maganin gara, domin ɗanye ya kan tsage ya lanƙwashe da zarar hunturu ya shigo.

Mataki na ƙarshe shi ne biya. A ba da kafin alƙalami gwargwado, saura a biya kashi kashi, kowane kashi sai mai zane ya duba ya sa hannu. Duk ƙarin aiki a rubuta shi da farashinsa kafin a taɓa shi. Al'adar kwangila ce a riƙe kashi 5 cikin ɗari har kamar wata shida bayan an karɓi aiki, domin gyaran aibin da ya bayyana. A misalin nan na sama, abin riƙewar naira 165,000 ke nan.

Abin da a ke roƙon hakimai shi ne su riƙa jawo hankalin attajirai da shugabannin kasuwa ga wannan hanya. Malamai kuwa, in an kawo musu yarjejeniya, su duba abu biyar: zane, jerin kaya da farashi, ranar gamawa, yadda za a biya, da sa hannun shaidu. In ɗaya babu, su ce a koma a cika. Ranar da ƙara ta zo, takardar nan ce za ta raba gardama, mai kanti ya tsira da jarinsa, ɗan kwangila ya sami hakkinsa. Allah ya sa albarka cikin kasuwancin ƙasa, amin.