Matasanmu Kirista da Neman Sanin Nufin Allah: Jawabin Taron Ƙungiya

 

An ɗora mana nauyin yin magana a kan matasa. To, mu ba malamai ba ne, 'yan kasuwa ne da muka ɗan taɓa karatun Islamiyya, saboda haka a yi mana uzuri. Yau muna so mu karkata ga wasu 'ya'yanmu da ba kasafai ake ambatonsu a taro irin wannan ba, wato matasa Hausawa Kirista. Suna nan tare da mu a Wuse, da Garki, da Nyanya, da Dei-Dei, da Zuba. Wasu yaran shagonmu ne, wasu maƙwabta. Asalinsu Zariya, ko ƙasar Kano, ko Malumfashi, kuma Hausar da muka sha a nono ita suka sha.

Tun da aka dawo da babban birnin tarayya daga Ikko zuwa Abuja ranar 12 ga Disamba, 1991, garin nan ya zama wurin da yaro yakan ruɗe. Da safe ya ga manyan gidaje a Maitama, da dare ya koma ɗakin haya mutum biyar. Sai ya shiga tambayar kansa: shin me Allah ya nufe ni da shi? In zauna a kasuwa ne, ko in koma makaranta? In shiga aikin majami'a, ko in bi ta Agadas in ƙetare hamada kamar wasu? Jama'a, wannan tambaya ba ta san Musulmi ko Kirista ba.

Bisa ga abin da muka fahimta daga dattawansu, idan yaro Kirista yana neman sanin nufin Allah, akan nuna masa hanya huɗu. Ta farko, addu'a, wani lokaci har da azumi. Ta biyu, karatun Littafi Mai Tsarki, domin duk abin da ya saɓa wa littafin ba za a ce nufin Allah ne ba. Ta uku, shawarar iyaye da fasto da dattawan ikilisiya. Ta huɗu, ya dubi baiwar da Allah ya yi masa da kuma ƙofar da ta buɗe. Idan huɗun nan suka haɗu, sai su ce yaro ya sami "kira". Mu ma ai muna da istihara, raka'a biyu da addu'a, muna da shawara, sannan tawakkali. Aƙida ta bambanta, wannan ba abin ɓoyewa ba ne, amma duk ɓangarorin biyu sun yarda ba a yanke babban al'amari da gaggawa ko da son zuciya.

Bari mu kawo misali daga gida. A Wusasa, kusa da birnin Zariya, mishan ɗin CMS ta koma da zama a 1929, bayan Dokta Miller ya yi shekaru yana aiki a cikin birni. A 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa. Daga wannan 'yar ƙaramar al'umma aka sami Dokta Barau Dikko, wanda aka haifa a 1912, ya yi karatun likita a Birmingham ta Ingila, ya zama likitan zamani na farko ɗan Arewa. Da ya ga dama sai ya tsaya ga allura da magani ya tara abin duniya. Amma ya ga Arewa na baya, sai ya shiga cikin waɗanda suka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa a 1948, har ya shugabance ta, alhali yawancin mutanenta Musulmi ne. A 1967 Janar Gowon ya naɗa shi kwamishinan tarayya. Ya rasu a 1977, kuma babban asibiti a Kaduna na ɗauke da sunansa.

Sai Farfesa Ishaya Audu, haifaffen Anchau a 1927, likitan yara. Shi ne ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello, daga 1966 zuwa 1975. A zaɓen 1979 shi ne mataimakin Dokta Azikiwe, sannan ya zama ministan harkokin waje a gwamnatin Alhaji Shehu Shagari har 1983. To, bayan duk wannan ɗaukaka me ya yi? Ya koma Samaru yana duba marasa lafiya, yana kuma hidimar majami'a, har ya rasu a 2005.

Abin lura a nan, jama'a, mutanen nan biyu ba rana ɗaya aka buɗe musu hanya ba. Shekara da shekaru suka yi suna karatu. Kuma alamar da aka gani a aikinsu ita ce amfanin jama'a, ba a tambayi majinyaci addininsa ba. Haka ma labarin Annabi Yusufu, wanda mu da su duk mun sani: daga rijiya zuwa bauta, daga bauta zuwa kurkuku, kafin a damƙa masa rumbunan Masar ya ciyar da mutane a shekarun yunwa. Mai haƙuri shi kan dafa dutse ya sha romo.

Abin da ke damunmu shi ne 'yan damfara da suka shigo cikin lamarin. Akwai mai ce wa yaro Kirista an nuna masa a wahayi zai yi arziki bana, ya kawo abin da ya tara a sa masa albarka. Mu ma kada mu yi dariya, muna da masu duba da bugun ƙasa da ke ci da sunan malanta. Yaro ya kwashe jarinsa ya kai, ƙarshe ya taɓa kuɗin maigida, mutunci ya zube. Duk wanda ya sa wa nufin Allah farashi, to ciniki yake yi, kuma mu 'yan kasuwa mun san ciniki in mun gan shi.

Saboda haka muna roƙon abu huɗu. Na ɗaya, maigidan da ke da yaro Kirista ya ba shi damar zuwa majami'a ranar Lahadi, kamar yadda muke rufe shago mu tafi Juma'a. Na biyu, in lokacin sallama ya yi, a sallame shi da jarin da aka yi alkawari, kada a tauye shi saboda addininsa, amana amana ce. Na uku, in ya zo neman shawara, mu gaya masa gaskiyar abin da muka sani na sana'a, abin da ya shafi ibadarsa kuma mu tura shi ga iyayensa da fastonsa. In muka ga kansa na ja a boko, kada mu danne shi don muna jin daɗin aikinsa. Na huɗu, kwamitin matasa na ƙungiya ya gayyato dattawansu a zauna tare, tunda hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ku kuma 'ya'yanmu, abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Ku riƙe addu'a, ku riƙe sana'a, ku tambayi kanku: wannan hanya wa za ta amfana bayan ni? Dukkanmu baƙi ne a ƙasar Gwarawa, abin da ɗayanmu ya yi, da sunan Bahaushe za a kira shi.

Allah ya shirya mana zuriya, ya ba mu zaman lafiya da maƙwabtanmu, ya sa albarka a nemanmu.