Farin Ƙasar Haɗejiya: Daga Sama Yake Zuwa ko Daga Kogi?



Gardamar da ta tara mu yau tsohuwa ce. Wani sashe na cewa fari baƙo ne da ya saba zuwa, ya kuma saba komawa. Wani sashe kuwa na cewa ɗan Adam ne ya jirkita yanayin duniya. Muna so mu auna zancen nan a kan fadamar Haɗejiya, watau ƙasar da ta tashi daga Auyo ta bi Kirikasamma da Guri har Nguru.

Masu cewa juyin zamani ne suna da hujja, kada mu raina su. Kakanninmu sun ga yunwar Kakalaba a 1914, tun ba a cika sararin duniya da hayaƙi kamar yanzu ba. Shekarun 1950 na damina mai albarka ne. Sa'an nan farin 1972 zuwa 1973 ya auko, na 1983 zuwa 1984 ya bi sawunsa. Binciken laka a ƙasan tafkin Bosumtwi na Gana, wanda aka buga a 2009, ya nuna cewa Afirka ta Yamma ta taɓa shan fari na ƙarnuka.

Amma fa ilmi bai tsaya nan ba. A 1975 Jule Charney ya ɗora laifin a kan kiwo da ya cinye ciyawa ya bar ƙasa tsirara, aka daɗe ana zargin makiyayi da manomi. A 2003 Alessandra Giannini da abokan aikinta suka nuna cewa zafi da sanyin ruwan teku ne ke jan akalar daminarmu. Daga baya masana suka ƙara da cewa ƙurar farar wuta daga masana'antun Turai da Amurka ta sanyaya arewacin Tekun Atlantika, ta taimaka wajen tura hadari kudu. Ashe har farin da muke kira na zamani, akwai hannun mutum a cikinsa, sai dai ba hannun Bafulatanin Guri ba ne. Tun shekarun 1990 ruwa ya ɗan dawo, amma da wani hali: ya zubo da ƙarfi a dare ɗaya, ya ɗauke ana tsakiyar bukatarsa. Wanda ya ga ambaliyar 2020 da ta 2022 a Haɗejiya ya san haka.

To, jama'a, a nan ne muke ganin ɓangarorin biyu duk sun yi tuya sun manta da albasa. Manomin fadama ba da ruwan sama kaɗai yake noma ba. Shinkafarsa, da kifin masunci, da ciyawar rani ta makiyayi, duk suna jiran cikar kogi ne, ruwan da ya sauka can ƙasar Kano da tsaunukan Jos. A 1974 aka gama madatsar Tiga, a 1992 aka gama ta Challawa. Ruwan da ke malala bisa fadama kowace damina aka tsare shi domin noman rani na Kadawa da shan birnin Kano. Edward Barbier da abokansa sun lissafa a shekarun 1990, suka tarar cewa amfanin da fadama ke bayarwa da ruwan nan ya fi na gonakin ban-ruwan da aka karkatar da shi dominsu.

Akwai kuma abin da ya biyo baya. Da kogi ba ya yankewa da rani, sai kacala ta samu wurin zama, ta toshe hanyoyin ruwa. Ruwa ya taru ta mashigar Marma ya cinye gonaki, alhali kuwa wasu ƙauyuka na gabas suna kallon busasshen rafi. Shekara ɗaya, masarauta ɗaya, wani na kukan ambaliya, wani na kukan fari.

Saboda haka idan shinkafa ta ƙone a fadama, kafin mu tambayi masanin yanayi, sai mu fara tambayar Hukumar Raya Kogunan Haɗejiya da Jama'are: ruwa nawa aka sako daga Tiga a watan Agusta, kuma wa aka shawarta a Kirikasamma kafin a buɗe ƙofar?