Idan numfashi ya gaza, jini yakan yi tsami



Huhu yana da aiki biyu: shigar da iska mai kyau, da fitar da gurɓatacciyar iskar da jiki ya gama amfani da ita. Idan ya kasa fitar da ita, sai ta taru ta narke cikin jini, jinin ya yi tsami. Tsamin nan yakan dagula ƙwaƙwalwa da zuciya.

Sababinsa uku ne. Na farko, cutar huhu kansa, kamar ciwon haƙarƙari mai tsanani ko asma. Ƙurar hunturu da hayaƙin murhu cikin ɗaki suna ƙara musu ƙarfi. Na biyu, raunin naman da ke motsa ƙirji. Tamowa tana cinye wannan nama kamar yadda take cinye na damtse, don haka yaron da awon damtsensa ya faɗa ja, ƙasa da milimita 115, yana saurin gajiya da numfashi. Na uku, abin da ke danne ƙwaƙwalwar da ke ba da umarnin numfashi: sanƙarau, ko magunguna irin su tramadol da masu sa barci.

Masu faɗakarwa, ku ƙirga numfashi minti ɗaya cur, yaro yana natse. Ƙasa da wata 2, sau 60 ya yi yawa. Daga wata 2 zuwa 11, sau 50. Daga shekara 1 zuwa 5, sau 40. Ku duba ko ƙasan ƙirji yana lotsawa in ya ja iska.

Ga inda ake ruɗuwa. Yaron da ya wuni yana haki, sai numfashinsa ya yi sanyi, barci mai nauyi ya kwashe shi, ya ƙi nono. Uwa ta ce an samu sauƙi, alhali ƙirji ne ya gaji. Mai tamowa kuwa yakan ɗauki ciwon huhu ba tare da zazzaɓi ba.

A wannan hali kada a ɗura masa kunu ko magani, don kada ya sarƙe. A tallabe shi a ɗaga kansa, a tafi likita nan take, ko da dare ne. In an tura ku asibitin Madawa, inda ake kwantar da masu tamowa mai tsanani, kada a jira gari ya waye.

Allah ya raya mana zuri'a.