Makahon da ya yi jinyar guragu: jawabi a kan rayuwar marigayi Bitrus Gani-Ikilama

 

An roƙe mu mu yi magana a kan hidima ga naƙasassu. Sai muka ga ya fi amfani mu ba ku labarin mutum ɗaya, ɗan Arewa kamar mu, wanda ya yi yawancin aikinsa nan kusa a Zariya, ya kuma rasu a 2011. Sunansa Bitrus Gani-Ikilama.

An haife shi a 1944 da idanunsa lafiya lau. Yana ɗan shekara 5 ƙyanda ta kama shi, da ta tashi sai ta tafi da ganinsa. Iyayenmu mata da suka manyanta sun san yadda wannan ke faruwa. Ƙyanda takan ƙarar da bitamin A da ke jikin yaro, balle yaron da dama abinci bai ishe shi ba. Sai ido ya bushe, ya yi gyambo, in gyambon ya warke ya bar hakiya fara fat. Sau da yawa kuma abin da ake ɗiga wa idon a gida da nufin magani shi ke ƙarasa ɓarnar.

A wancan zamani yaron da ya makance hanyarsa sananniya ce: sanda, ƙoƙo, da ɗan jagora. A ƙasar Hausa bara tana da tsarinta, har da Sarkin Makafi da fadawansa. Ba da raini muka faɗi wannan ba, gama tsarin nan ya ciyar da mutane da yawa a lokacin da babu mai kula da su. Amma duk basirar da Allah ya ba yaro, in aka miƙa masa ƙoƙo tun yana ƙarami, a bakin kasuwa za ta ƙare.

Abin da ya raba Bitrus da wannan hanya shi ne makaranta. A 1953 mishan ta SUM, wadda ikilisiyar COCIN ta fito daga aikinta, ta buɗe makarantar yara makafi a Gindiri, cikin Jihar Filato ta yanzu. Tana cikin na farko a Najeriya. Cikin shekarunta na farko aka kai shi can. A nan ya koyi rubutun makafi, wanda wani Bafaranshe mai suna Louis Braille ya ƙirƙiro yana ɗan shekara 15 kacal, shi ma makaho ne tun yana ƙarami. Rubutun ɗigo-ɗigo ne masu tudu a kan takarda mai kauri. Ɗigo 6 ne gaba ɗaya, yadda aka jera su shi ke ba da kowane harafi, ana kuwa karantawa da kan yatsa. Da shi ake rubuta Turanci, da shi ake rubuta Hausa, har da lissafi.

Daga nan ya shiga sakandaren maza ta Gindiri, aji ɗaya da masu gani, ya zama makaho na farko da ya shiga wannan makaranta. 'Yan'uwa, ku ɗan tsaya ku auna wannan. Malam yana rubutu a allo, shi ba ya gani. Littattafan aji duk don masu ido aka buga su. Kowane shafi sai dai wani ya karanta masa da baki, ko kuwa a zauna a juya shi zuwa rubutun makafi. Ku riƙe wannan a zuciya, domin za mu dawo kansa.

Bayan sakandare ya tafi Landan, makarantar da babbar ƙungiyar makafi ta Ingila, wato RNIB, take koya wa makafi aikin gashi da motsa gaɓoɓi. Ya gama a 1967, shekarar da yaƙin basasa ya ɓarke, ya dawo gida. Ya fara aiki a asibitin koyarwa na Jami'ar Legas, a farkon shekarun 1970 kuma ya komo Arewa, asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, inda har ya shugabanci sashen.

Wataƙila wani zai ce, ta yaya makaho zai yi jinya a asibiti? Wanda ya taɓa kai mai shanyewar ɓarin jiki wurin gashi ya san amsar. Aikin na hannu ne. Mai gashi yakan lalubi jijiya ya ji inda ta ɗaure, ya lanƙwasa gwiwa ya ji inda ta tsaya, ya sa majiyyaci ya tura hannunsa don ya auna ƙarfin da ya rage. Yau kaɗan, gobe kaɗan, wata da watanni, har wanda aka kawo a kwance ya zauna, wanda ke zaune ya miƙe da sanda. Masu zuwa irin wannan sashe su ne waɗanda hawan jini ya kayar, da waɗanda suka karye a haɗarin mota, da yaran da shan inna ta shanye musu ƙafa. Mu a Jihar Kano mun san shan inna sosai. Sai a 2020 aka tabbatar Najeriya ta rabu da ainihin ƙwayar cutar mai yaɗuwa da kanta, amma waɗanda ta riga ta taɓa suna nan tare da mu, wasu ma suna zaune cikin wannan taro. To, yaron da ake jin sai dai a riƙe masa sanda, shi ne ya yi shekaru yana koya wa irin waɗannan mutane tsayuwa da tafiya.

Da ya tsaya nan ma, da ya isa a ba da labarinsa. Amma bai manta da wahalar littafi ba. Littafin rubutun makafi yana da tsada, yana da nauyi. Littafi Mai Tsarki da muke saƙalawa a hammata, in aka buga shi da wannan rubutu yakan kai kundi kusan 40, ya cika kanta guda. Saboda haka a 1976 ya fara wani aiki a Zariya: a sami mai gani ya karanta littafi a rakoda, a ba makaho kaset ya saurara. Aikin nan shi ne ya girma ya zama Hope for the Blind, wato bege domin makafi, a Wusasa, garin da mishan ta CMS ta zauna tun 1929. Daga kaset aka kai ga buga rubutun makafi, da ba da shawara, da koyar da sana'a. Gwamnatin tarayya ta ba shi lambar girma ta OON.

Muna so ku lura da ƙanƙantar abin da ya fara da shi. Rakoda ce da muryar mutum. Yau kuwa kusan kowace waya da ke aljihun matasanmu tana ɗaukar murya, memori ɗaya kuma yana ɗauke abin da kaset ɗari ba su ɗauka ba. Yarinya 'yar ƙaramar sakandare za ta iya zama da yamma ta karanta littafin aji uku a waya saboda ƙaninta ko maƙwabcinta da ba ya gani. Littafi Mai Tsarki na Hausa ma akwai shi na saurare.

An saba idan Kirsimeti ya zo a tara shinkafa da atamfa a kai wa makafi da guragu. Abu ne mai kyau, kada a daina. Sai dai buhun shinkafa yakan ƙare kafin Janairu ya fita, yaron kuma yana nan a ɗaki inda aka bar shi. Cikin ziyarar da muke yi ƙauyuka mukan tarar da yaro makaho ko kurma wanda ko makarantar Lahadi ba a kai shi, don iyaye suna jin kunya, ko an gaya musu sammu ne ko iska. Fastocinmu sun sha karanta mana Yohanna sura 9, inda Ubangiji ya ƙi yarda a ɗora laifin makanta a kan mutumin ko iyayensa. Akwai kuma hasarar da ba a cika lissafawa ba. Duk makahon da ya fita bara, akwai yaro mai ido da ke riƙe masa sanda daga safe har yamma. Yara biyu ke nan gida ɗaya suka rasa makaranta.

Doka ma yanzu tana bayan iyayen da suke so su yi ƙoƙari. A Janairu 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci. Ta ba su 'yancin karatu kyauta har sakandare, ta hana a yi amfani da naƙasasshe wajen bara, ta kuma ce hukumomin gwamnati su ware musu aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aiki. Abin da ke takarda dabam, abin da ake gani a ƙasa dabam, wannan kowa ya sani. Duk da haka uban da ya san dokar ba zai juya da yaronsa daga ƙofar makaranta cikin sauƙi ba. A birnin Kano akwai makarantar gwamnati ta makafi da kurame a Tudun Maliki. Akwai kuma asibitin ido na ECWA, wanda mishan ta SIM ta buɗe tun 1943. Tsofaffinmu da yawa da aka ce tsufa ne ya rufe musu ido, yana ce kawai, aiki na ɗan lokaci kuwa yakan cire ta.

Iyaye mata, magana ta komo gare ku. Ciwon da ya makantar da Bitrus yana da rigakafi yanzu, kyauta ne kuma. Allurar ƙyanda ana yin ta a wata 9, a sake a wata 15. Ɗigon bitamin A da ma'aikatan lafiya ke ba yara daga wata 6 zuwa shekara 5, kada ku bari ya wuce ku. In ƙyanda ta kama yaro har ya fara runtse ido yana gudun haske, a kai shi asibiti ran nan, kada a ɗiga masa komai a gida.

Ga roƙonmu ga kowace ikilisiya da ta aiko wakili. Fasto da dattijo ɗaya da shugabar zumuntar mata su zaga gida-gida, su rubuta duk mai naƙasa da ke ƙauyen, Kirista ne ko Musulmi ko mai bin addinin gargajiya. A rubuta shekarunsa, da irin lalurarsa, da lokacin da ta same shi, da ko yana zuwa makaranta. In makaho ne mai fita bara, a rubuta sunan ɗan jagoransa ma, da ajin da ya tsaya. Ku nemi izinin maigida kafin ku rubuta. Takardar ku riƙe ta a hannun fasto har mu zo ziyara, mu zauna tare mu duba wa za a fara kaiwa asibitin ido, wa kuma za a nema wa makaranta.